Tarihin Makarantar Firamare a Ƙasar Karaye: Daga Elementaren En'e Zuwa Garuruwa Irin Kurugu

A cikin shekarar 2024 an yi abubuwa biyu da suka sake tayar da tsohuwar muhawara game da makarantar firamare a Jihar Kano. A watan Yuni gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda gwamnan da bakinsa ya bayyana cewa yara fiye da miliyan huɗu suna ɗaukar darasi a zaune a ƙasa, kuma akwai ɗaruruwan makarantu da malami ɗaya tak yake riƙe da kowacce. A watan Yuli kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba, abin da ya tayar da hankalin malamai, tun da daga wannan kaso ne ake cire albashin malaman firamare. Abubuwan biyu suna komawa ga tambaya guda, wato wane ne mai makarantar firamare, kuma wa za a tuhuma idan ta lalace. Amsar tana cikin tarihin yadda makarantar ta fito daga birni ta isa garuruwa irin Kurugu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Karaye, domin hanyar da ta bi ita ce ta tsara irin kallon da mutanen gari suke yi mata har yau.

Karaye tsohon gari ne a yammacin ƙasar Kano, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17, lokacin da Wambai Giwa ya tare a can yana kai wa Katsinawa hari. Bayan jihadi ya kasance cikin manyan garuruwan da shugabansu yake amsa sunan sarki a ƙarƙashin Sarkin Kano, tare da Rano da Gaya da Dutse. A duk tsawon wannan zamani karatun da aka sani shi ne na allo da na zaure: yaro ya fara da haruffa da wasulla a wurin alaramma har ya sauke Alƙur'ani, wanda ya so ƙari kuma ya zauna gaban malamin ilimi ya ɗauki littattafan fiƙihu da nahawu. Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, da kansa ya ƙiyasta cewa a Arewa akwai irin waɗannan makarantu kimanin 25,000, masu almajirai fiye da dubu ɗari biyu. Abin lura a nan shi ne yadda ake riƙe su. Babu baitulmalin da yake biyan alaramma. Iyaye ne suke kai masa kuɗin Laraba, wato ɗan abin da kowane almajiri yake kawowa a ƙarshen makon karatu, ana ba shi sadakar sauka da zakkar hatsi, almajirai suna taya shi aikin gona da damina, kuma idan rumfar karatu ta faɗi maƙwabta ne suke tayar da ita. Makarantar ta gari ce, malaminta kuma ɗan gari ne da ake haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna da jana'iza.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Abbas a gadon sarauta, amma sai a 1909 aka buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa, a bayan ganuwar birni, a hannun Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Shi haifaffen Suwizalan ne, kuma ya fara shigowa ƙasar ne tare da 'yan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mutane su yi ɗari-ɗari da abin da ya zo da shi. Makarantarsa ta ƙunshi sashen malaman da za a koya wa rubutun Turawa domin su koyar da wasu, da sashen 'ya'yan sarakuna, da sashen sana'o'in hannu, kuma da Hausa ake koyarwa. Sunan da jama'a suka ba wannan karatu shi ne boko. An daɗe ana cewa kalmar ta samo asali ne daga sunan littafi a Turanci, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa Bahaushiyar kalma ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake rakiya da ita a madadin amaryar gaske. Sunan ya nuna hukuncin da mutane suka yanke tun da fari, cewa wannan karatu kama da ilimi kawai ya yi.

Yadda karatun ya fita ƙauye ya fi sunansa muhimmanci. A shekarun farko na mulkinsu Turawa sun raba ƙasar Kano gunduma-gunduma, suka sa kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa yana tara haraji da jangali, suka kuma kafa baitulmali, wato asusun En'e, hukumar gargajiya da sarki yake shugabanta. Daga wannan asusu aka riƙa gina makarantun elementare a hedikwatocin gundumomi tun daga shekarun 1920 da 1930, kowacce da aji ɗaya ko biyu, ana yin shekara huɗu, sannan a zaɓi kaɗan daga cikin yaran a tura su Midil ta Kano, wadda aka kafa a 1927 kuma ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. Manufar a fili take: En'e tana bukatar malaman haraji, da magatakardan alƙalai, da malaman asibiti da na gona da na daji. Saboda iyaye ba sa kai 'ya'yansu da kansu, sai hakimi ya yanka wa kowane dagaci adadin yaran da zai kawo, dagaci ya yanka wa masu unguwanni, su kuma su bi gida-gida. Wannan shi ne abin da tsofaffi suke kira kamun 'yan makaranta. Mai hali yakan fanshi ɗansa, mai dabara ya ɓoye shi a rumbu ko ya tura shi gabas karatun allo, kamun kuma ya faɗa kan ɗan talaka ko ɗan bara ko maraya. Ta hanyar da haraji da aikin tilas suke shigowa gari, ta nan makaranta ta shigo, kuma mutumin da yake karɓar na farko shi ne yake karɓar na biyu.

Masana da yawa suna ɗora laifin komabayan boko a Arewa a kan Turawa, kuma suna da hujja. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali a Kudu mishan ne suka gina mafi yawan makarantu, ita kuma ba ta kashe abin kirki ba wajen cike gurbin. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, 'yan ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara daga dukan Arewa, makarantar 'yan mata kuwa sai wajen 1930 aka fara ta a Kano, ita ma a kusa da fada. Amma wannan bayani yana amsa tambayar dalilin ƙarancin makarantu ne kawai. Bai bayyana abin da ya sa aka riƙa gudun 'yan kaɗan ɗin da aka gina ba, bai kuma bayyana abin da ya sa, fiye da shekara sittin bayan tafiyar Turawa, rufin aji yake yayewa a tsakiyar gari ya shekara ba a mayar da shi ba, a garin da ba zai bar rufin masallaci ya kwana uku a haka ba.

Duk da haka elementare ta yi abin da ba a zata ba, domin ta haifar da masu karatun Hausa. Hukumar fassara da ta talifi a Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin a karanta a makarantu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a 1939. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki shirin Yaƙi da Jahilci, wato ajin manya da ake yi da yamma a ƙauyuka, wanda ya sa manoma da yawa suka iya karanta rasiɗin haraji da nauyin gyaɗarsu ko audugarsu a sikeli. A nan ne boko ya fara nuna amfaninsa ga talaka. Sai dai lokacin da Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, shugabannin Arewa sun zaɓi su fara da horar da malamai, bisa hujjar cewa aji ba malami ɓarnar kuɗi ne. Rahoton Oldman na 1961 da dokar ilimi ta 1962, a zamanin da Isa Kaita yake ministan ilimi, su ne suka tsara hukumomin ilimi na yanki, inda En'e take gudanarwa, gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna take ba da tallafi da masu duba makarantu. Har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, makaranta abin manyan garuruwa ce, kuma yaron ƙauye da ya shiga hannu sai ya yi tafiyar ƙasa mai nisa ko a ba da riƙonsa a garin hakimi.

Abin da ya kai makaranta ƙofar gidan mutanen karkara shi ne shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wanda aka fi sani da UPE. Janar Yakubu Gowon ne ya yi shelarsa a Sakkwato a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai aka ga kusan miliyan uku. Jihar Kano tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin yara a makaranta kafin shirin, saboda haka tsallen da aka nemi ta yi ya fi na kowa nisa, kuma a cikin 'yan shekaru kaɗan kusan kowane garin dagaci, har da wasu unguwanni, ya wayi gari da makarantarsa. Dagaci ya nuna fili a gefen gari, ɗan kwangila ya zo da bulo da kwano ya kafa ginin nan da kowa ya sani, aji biyu da ɗan ofishin hedimasta, aka kafa allon suna, aka kawo rijista da alli. Inda gini bai kammala ba aka fara a gindin bishiya ko a zauren mai unguwa.

Malamai su ne babbar matsala. Takardar da ake bukata a lokacin ita ce ta malanta mai daraja ta biyu, wadda ake kira Giredi Tu, kuma kwalejojin horon malamai irin ta Wudil da ta Bichi ba za su iya yaye adadin da ake nema cikin shekara biyu ba. Sai aka buɗe sababbin kwalejoji cikin gaggawa, aka gajarta horo, aka ɗauki waɗanda suka gama firamare kawai a matsayin malaman wucin gadi, aka haɗa da malaman Arabiyya daga cikin gari domin su kwantar wa iyaye hankali. An sami ƙwararru a cikinsu, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka fara renonsu tun daga 1977 daga irin waɗannan firamare na karkara suka fito. Amma an kuma sami azuzuwan da malami da ɗalibi kusan tafiyarsu ɗaya a karatu. Uba da ya saki ɗansa daga gona shekara shida, ya ga ya fito bai iya rubuta wasiƙa ba, bai kuma sauke Alƙur'ani ba, ya sami hujjar da kakansa bai samu ba ta kiran abin boko.

Akwai wani ɓangare na UPE da ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ya fi daɗewa yana aiki. An gabatar da shirin a matsayin kyauta daga gwamnatin tarayya a Legas: gini kyauta, littafi kyauta, malami kyauta, ba a nemi gari ya kawo ko da jinka ba. A shekarar da aka ƙaddamar da shi aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a faɗin ƙasa, aka rufe babin En'e, aka janye iko daga hannun hakimai da dagatai, waɗanda duk da zaluncin kamu su ne suke sa ido a kan halartar yara da malamai. Bayan shekara uku, a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Soke su adalci ne, kuma talakawa sun yi murna da haƙƙinsu, amma daga ranar babu sauran wata igiya, mai daɗi ko marar daɗi, da ta haɗa aljihun mutumin gari da ginin da yake gefen garinsa. Kuɗin makaranta ya zama abin da yake saukowa daga sama, daga rijiyar man da ba wanda ya taɓa gani, mutane kuma suka kira ta da sunan da ya dace da ita, makarantar gwamnati. Abin gwamnati kuwa, a fahimtar da mulkin mallaka ya bari, ba a gyara shi, ana dai jiran mai shi.

Mai shi bai daɗe ba ya janye. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da nauyin firamare kan jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa yin watanni bai fito ba a sassa da yawa na ƙasar, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar abin da yake fitowa. Gine-ginen 'yan kwangilar UPE suka fara tsagewa, iskar farkon damina ta kwashe kwano, benci ya karye ba a maye shi ba. Daga nan makarantar ta zama kamar ɗan riƙo da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa domin ta riƙa biyan albashi. A 1991 ta rushe ta, ta miƙa komai ga shugabannin ƙananan hukumomi, abin da tsofaffin malamai suke tunawa da shi a matsayin mafi munin zamanin aikinsu. A 1993 aka sake dawo da hukumar. Wannan tarihi ne ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 2024, wanda mutane da yawa suka yi maraba da shi, ya zama abin tsoro ga malamin firamare.

A daidai lokacin da makarantar take wannan yawo, ƙasar Karaye tana cika. An kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, wadda ta tashi wasu ƙauyuka, ta kuma buɗe hanyar kamun kifi da noman rani a yankin, aka yanke Rogo ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta a kan iyakar Katsina da Kaduna, hanyoyin mota suka haɗa kasuwannin ƙauye da Kano da Zariya. Ƙidayar 2006 ta ba Karaye mutum fiye da dubu 140, Rogo kuma fiye da dubu 220, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Garin da aka gina wa aji biyu a zamanin UPE ya ninka, unguwanni sun miƙe sun zagaye makarantar da a da take bayan gari, har filin wasanta ya zama abin kwaɗayin masu neman fuloti. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35, amma a makarantun gwamnati na Kano ajin da ya haura ɗari ba abin mamaki ba ne, kuma Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A Kusalla, cikin wannan ƙaramar hukuma, sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, inda dubban masu digiri daga kowace kusurwa ta Najeriya suke sauka kowace shekara, su yi mako uku su wuce, ba da nisa ba da azuzuwan da suke neman wanda zai koyar da haruffa.

A 1999 Obasanjo ya je Sakkwato ya ƙaddamar da UBE, wato ilimin tushe na shekara tara, dokar 2004 kuma ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin shirin, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Tsarin da ya fito daga nan hawa uku ne: hukumar UBEC a Abuja tana ba da kuɗin gini, hukumar SUBEB a Kano tana ba da kwangila da kula da ɗaukar malamai, sashen ilimi na ƙaramar hukuma yana rarraba su, albashi kuma ana cire shi daga kason ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa, takardar malanta ta NCE ta maye gurbin Giredi Tu. Kowane gwamna ya zo da nasa: Rabi'u Musa Kwankwaso da ciyarwa da kayan makaranta kyauta, daga baya da azuzuwan bene, Ibrahim Shekarau da ƙoƙarin shigar da tsangayu cikin tsari, Abdullahi Umar Ganduje da shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, sai dokar ta-ɓaci ta 2024. Ciyarwa ta cika rijista, gine-gine sun ƙaru, amma dukansu daga sama suka sauko, kuma kowanne yakan raunana idan mai shi ya sauka. Hedimasta a gari irin Kurugu da iska ta yaye masa rufi zai rubuta wa sakataren ilimi, shi ya rubuta Kano, Kano ta jira kason Abuja.

Bayanin da ya fi yawo a bakin 'yan birni shi ne cewa mutanen karkara ba sa son boko saboda addini. Tarihin makarantun Islamiyya ya raunana wannan magana. Tun a shekarun 1950 Malam Aminu Kano da magoya bayansa suka fara kafa makarantun da suke koyar da addini a tsarin aji, kuma daga shekarun 1980 irinsu suka bazu har ƙauyuka. Islamiyya ta ɗauki duk siffar da aka ce ana ƙi: allon bango da alli, benci, rijista, jarrabawa, rigar makaranta, har da lissafi da Turanci a wasu, kuma 'yan mata sukan fi maza yawa a cikinta. Mutanen da aka ce talauci ya hana su sayen fensir su ne suke ba da fili, su yi aikin gayya su ɗora gini, su biya kuɗin wata, su cika gari ranar walimar sauka. Idan malamin Islamiyya ya yi fashi, kafin la'asar maganar ta kai kunnen kwamiti, saboda kwamitin yana cikin gari kuma shi yake biya. Yaro ɗaya ne yake zuwa firamare da safe, Islamiyya da yamma, uba ɗaya ne kuma yake tura shi. Bambancin yana ga wanda yake jin makarantar tasa ce.

Talauci da yawan haihuwa ma hujjoji ne na gaske, kuma ba a raina su. Da damina gona tana bukatar hannu, ranar kasuwa aji yakan rage, talla kuma, kamar yadda binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna tun shekarun 1970, ita ce hanyar da matan kulle suke juya sana'arsu, suke kuma tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Sai dai waɗannan abubuwa suna kan Islamiyya kamar yadda suke kan firamare, ita kuwa ta daidaita lokacinta da rayuwar gari, domin masu tsara ta a garin suke kwana. Jadawalin firamare daga Kano yake zuwa, bai san ranar kasuwar Karaye ko lokacin yankan rake a Rogo ba. Yawan yara yana bayyana cunkoso, amma ba ya bayyana taga da ta shekara a karye.

An gane wannan giɓi, shi ya sa aka kawo kwamitocin gudanar da makaranta, waɗanda suka haɗa mai unguwa da liman da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa daga 2008 ya horar da irinsu a Kano. Inda kwamiti ya yi ƙarfi an ga gyaran rufi da bin sawun yaran da suka daina zuwa, an ga ƙungiyoyin ci gaban gari suna ɗaukar malaman sa-kai. Rauninsu shi ne an ba su nauyi ba a ba su iko ba, domin ba su da ta cewa a kan wanda za a turo ya koyar, ko ɗan kwangilar da zai yi gini, ko malamin da ya mayar da aiki wurin karɓar albashi. Tun a 2002 Kotun Ƙoli ta fayyace cewa ilimin firamare nauyin jiha ne, ƙaramar hukuma tana taimakawa ne kawai, kuma muhawarar da ta biyo bayan hukuncin 2024 duk a kan wannan layi take, tsakanin Abuja da Kano da sakatariyar ƙaramar hukuma. Hawa na huɗu, wato garin da makarantar take cikinsa, shi ne wanda tun daga kamun En'e zuwa yau ba a taɓa damƙa masa ita ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masarautar Karaye, wadda dokar masarautu ta 2024 ta bar mata ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tana da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu, kuma kakanninsu ne suka shigo da makarantar da ƙarfin sanda; abin da ya rage a jarraba shi ne a ba kwamitin gari kuɗin gyara a hannunsa, da ikon sa hannu kafin a biya ɗan kwangila, da murya a kan malamin da ba ya zuwa aji.